Ina zan samu littattafan saurare na tarihin matanmu da Hausa?

Mai Ɗinkin Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ce, shagona yana Tudun Wadan Zariya, shekara tara ke nan ina taka keke. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san hannu da ƙafa da ido a ɗaure suke tun safe, kunne ne kaɗai ke zaman banza. Da can rediyo nake bari yana ta yi. Daga baya na koma littattafan soyayya da ake karantawa ana tura wa mutane a memori. Ba raina su nake yi ba, sun raka ni ɗinkin sallah ba ɗaya ba biyu ba, amma dai na ƙoshi da rikicin kishiya da uwar miji.

Bara ƙanena da ke jami'a ya sa mini LibriVox a waya. Tsofaffin littattafai ne da masu sa kai suke karantawa kyauta. Turancina na sakandare ne, don haka sai na rage gudun muryar, abin da ya wuce ni in maido baya. Na farkon da na ji har ƙarshe shi ne na Harriet Jacobs, wata baiwa a Amurka da ta rubuta labarinta da hannunta, ya fito a 1861. Ubangidanta ya matsa mata da neman lalata tun tana yarinya. Da abin ya ishe ta sai ta ɓuya a wani ɗan lungu ƙarƙashin rufin ɗakin kakarta, ta yi kusan shekara bakwai a ciki, ana can ana nemanta a wasu garuruwa. Ta ce tsawon wurin ƙafa 9, faɗinsa ƙafa 7, inda ya fi tudu kuma ƙafa 3. Da na ji haka tsayar da keke na yi, na ciro tef daga wuyana na auna daga ƙasa: inci 36, yadi ɗaya cif. Ko teburin yankana ya kusa kai haka. Ta huda 'yar ƙofa a jikin katako, ta nan take leƙen 'ya'yanta biyu suna wasa a waje, su kuwa ba su san uwarsu na bisa kansu ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ashe ita ma ɗinki take yi a ciki, da ɗan hasken da ke shigowa ta hudar. Kakarta ta kawo mata yadi ta ɗinka wa yaran sababbin kaya na Kirsimeti, suka sa suna yawo ba su san hannun da ya ɗinka ba.

A ranar na ɓata wa wata kwastoma wuyan rigar anko, na zurfafa yankan fiye da yadda ta ce. Da kuɗina na sayo wata atamfar, ban kuma gaya mata dalili ba, don wa zai yarda?

Daga nan na ji na Sojourner Truth, na ji na Mary Seacole da ta je jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya. To ga abin da ya kawo ni. Rannan na kai ƙanwar mijina asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, muna zaune kan benci 'yata mai shekara 12 ta karanta allon ta ce, “Mama, wace ce Gambon?” Wallahi jimla biyu na yi na ƙare: 'yar siyasa ce, ta sha ɗauri. Ni da zan iya ba ki labarin baiwar Amurka har faɗin ɗakin da ta ɓuya, amma matar garinmu ban san komai nata ba sai suna. Kunya ta kama ni.

Shi ne nake tambaya: akwai inda ake samun tarihin irin su Gambo Sawaba da Nana Asma'u da murya, da Hausa, mai tsawo wanda zai raka mutum yinin aiki? Ba guntun bidiyo na minti biyar ba. Karatun takarda ba nawa ba ne yanzu, in na tashi shago idona ruwa yake yi.

Direban Dare ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalarmu ɗaya, ni ma a kan sitiyari nake sauraro, tsakanin Kano da Legas. In gaya miki gaskiya, da Hausa abin da ya cika kasuwa soyayya ne da wa'azi, na tarihi sai dai hirarrakin gidajen rediyo, su ma ba sa wuce rabin awa. Da Turanci kuwa akwai. Na ji na Malala, yarinyar Pakistan da aka harba a motar makaranta a 2012 saboda karatun 'ya'ya mata. Na ji na matar Obama, ita ta karanta da bakinta, awa 19, ya kai ni Legas har da saura. Amma waɗannan na kuɗi ne, da dala ake saye. Shawara ɗaya: ki riƙa sauke babi-babi da dare lokacin garaɓasar data, kada ki saurara kai tsaye, yana cin kuɗi.

Tsohon Ɗan Sawaba ya amsa:

'Yata, jikata ce ke buga mini wannan, ni nawa baki ne. Ta karanto mini tambayarki na ce to bari in ba ki abin da za ki gaya wa yarinyar kafin ki samu littafin.

Sunanta na yanka Hajaratu. Gambo kuwa kin san sunan wanda ya biyo bayan tagwaye ne. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. An yi mata aure tana 13. Jam'iyyar NEPU an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita kuma tana 'yar shekara 17 ta shiga, a lokacin da namiji mai gemu ke ɓoye katinsa a cikin hula don tsoron 'yan doka. Ku yaran yanzu ba ku san mece ce En'e, hukumar sarakuna ta wancan lokaci, ba. Alƙali nata, 'yan doka nata, gidan yari nata. In aka ce ka yi taro ba izini, ko ka zagi sarki, to shi ke nan. A haka yarinya mace ta hau mumbari tana maganar auren ƙananan yara da aikin tilas da haraji, tana cewa a bar mata su yi zaɓe. Lissafin da aka fi sani sau 16 aka ɗaure ta. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an kore ta daga Kano. Ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, uwar Fela mawaƙi, wadda ta jagoranci matan kasuwa kan haraji har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a 1949.

Ki riƙe wannan da kyau: zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa an ce su zauna a gida. Sai 1976 aka buɗe musu ƙofa. A Jamhuriya ta Biyu tana jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, mu muna PRP, mun ji haushi amma ba wanda ya isa ya ce ba ta biya kuɗin bakinta ba. Gidanta kuma ba ya rabuwa da marayu da marasa galihu, wannan duk Bazazzagin da ya manyanta zai shaida miki. Ta rasu a 2001. Akwai littafin tarihinta da Turanci, amma ni ban taɓa jin wani ya zauna ya karanta shi da Hausa ba. Allah ya jiƙanta.

Malamar Islamiyya daga Sakkwato ta amsa:

Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya mai ɗinki, dariya na yi da kika sa Nana Asma'u a jerin waɗanda kike nema da murya, don ita ai tun asali don kunne ta yi yawancin aikinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kabarinta na nan Hubbare kusa da na mahaifinta Shehu. Ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, kuma ta san wa take yi wa kowanne. Na Hausa na matan karkara ne, waɗanda ba su iya karatu ba kuma aiki bai barinsu zama, kamar ke ɗin nan. Sai ta tsara abin a waƙe don ya zauna a ka. Ta naɗa jajoji, manyan mata amintattu, ta ɗora musu malfa da jan rawani. Jaji za ta taho daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su zauna su haddace, su koma su rera wa matan aure da ba su samu fitowa ba. Su ne 'Yan Taru. Mace na kaɗi ko daka, karatu na shiga.

Tunda kina son maganar adalci, ki nemi Tabbat Haƙiƙa. Shehu ya yi ta da Fulfulde, ita ta mai da ta Hausa, gargaɗi ce mai zafi ga masu mulki da alƙalai da ke cin haƙƙin talaka. Tarihin jihadi kuma yana cikin Waƙar Gewaye. Har yau akwai tsofaffi a nan da ke rera irin waɗannan da ka. Kakata na yi, zan roƙe ta in ɗauka in turo miki, in ta yarda, don ba ta son a nuna mata waya.

Malamin Tarihi ya amsa:

Ni zan ɗan zuba ruwan sanyi, a yi mini haƙuri. Ba na ƙin sauraro, amma murya mai daɗi tana sa mutum ya haɗiye abin da ido zai tsaya ya tuhuma. Ku duba abin da ake yi da Sarauniya Amina a YouTube: an san launin dokinta, an san abin da ta faɗa wa mayaƙanta, da kiɗa a ƙasa. Alhali abin da tsofaffin rubuce-rubuce suka ajiye kaɗan ne. Tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Musulmi Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Masana har yau ba su daidaita ba ko a ƙarni na 15 ta yi zamani ko na 16. Sauran duk baka ne da ƙarin gishiri. Kuma ɗaukar littafin marubuci mai rai a karanta a watsa ba izininsa cin haƙƙi ne, ko da tarihin masu yaƙi da zalunci ake karantawa.

Amma Hajiya, akwai littafin da ya dace da ke. Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da aka haifa wajen 1877, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita tana rubutawa. Ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba, daga baya aka buga Hausarsa a Jami'ar Bayero. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi. Ta ba da labarin rinji, wato ƙauyen bayi, da bayin gidansu, da mahara da ke kama mata a hanyar gona, da yadda ake tara kuɗin fansa. Kin ji bauta daga bakin baiwar Amurka, ya kamata ki ji ta gida daga bakin 'yar masu bayi. Ba ta da daɗin ji, don a nan mu ne iyayen gijin.

Mai Ɗinkin Tudun Wada ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Baba, na karanta wa 'yata amsarka sau biyu, ta kwafe a bayan littafin lissafinta. Malama ina jira, ki ce wa Kaka wata tela a Zariya na gaishe ta. Malam, maganarka ta ƙarshe ta tsaya mini a wuya, amma na sa ƙanena ya duba laburaren makarantarsu. In ya samo, shi zai riƙa karanta mini a shago da yamma, ba watsawa za mu yi ba.

Jiya kuma wani abu ya faru. Surukata ta zo karɓar zanenta da na kafe wa baki, ina ba ta labarin 1976 ɗin nan, sai ta ce ai ita ta yi zaɓen 1979, shi ne na farko a rayuwarta. Na ce Inna tsaya, na danna ɗaukar murya na ajiye wayar kan keke. Minti 14 ta yi, rabi a kan atamfar da ta ɗaura ranar da wadda ta ara mata mayafi. Sannan ta ce marigayi Malam, mijinta, ya tara matansa su uku tun da asuba ya ce kowacce ta dangwala wa gida da masara, alamar jam'iyyar NPN. Ita kuwa da ta shiga bayan labule ta ga ba mai ganinta, sai ta dangwala wa mabuɗi, alamar PRP. Da aka ce Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna, Malam ya ƙi cin tuwo, ita ta shiga madafa tana dariya a cikin zane. Ta ce ko kishiyoyinta ba ta taɓa gaya wa ba, har suka rasu.

Mijina ya saurara da dare, ya yi shiru, can ya ce in sake kunna masa. Matsalar ita ce ƙarar janareton maƙwabcina ta shiga sosai, wani wurin sai ka kasa kunne. Direban Dare ko wani, akwai yadda ake rage irin wannan ƙarar a waya? Ta ce ranar Juma'a za ta dawo ta ba ni na yunwar 1973, ina so kafin nan in san inda zan ajiye wayar.