Muhawara: Gasar besbol ta yara a Williamsport, an tsara ta ne don Amurka ta riƙa cin kofi?

Ɗan'auta: Salamu alaikum mutanen gida. Yau da rigima na zo, kuma ba na janyewa sai na ga hujja. Gasar besbol ɗin nan ta yara ƴan shekara 10 zuwa 12, wadda ƙungiyar Little League ke shiryawa duk watan Agusta a Williamsport ta jihar Pennsylvania, an tsara ta ne don Amurka ta riƙa ɗaga kofi. Ƙungiyoyi 20 ke zuwa. Amurka ita kaɗai ta kwashi 10, sauran duniya kaf suka raba 10. Sai kuma aka raba su gida biyu, ƴan Amurka su kara da junansu, baƙi su kara da junansu, zakaran kowane ɓangare su haɗu a wasan ƙarshe. Ka ga tun ba a jefa ƙwallon farko ba an ajiye wa mai gida kujerarsa a ranar ƙarshe. In wannan adalci ne, a fahimtar da ni.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauko ta da zafi, amma ka tsallake tushe. Ba ƙasashe ke karawa a can ba, unguwanni ne. Wani mutumin garin, Carl Stotz, shi ya kafa abin a 1939 da ƙungiyoyi uku kacal na yaran makwabta, aka fara gasar a 1947. Har yau a kan wannan turbar take: kowace tawaga yaran yanki ɗaya ne mai iyaka a taswira. Waɗanda suka ci kofin 2023 daga El Segundo suke, wani ɗan gari a gefen filin jirgin Los Angeles da mutanensa ba su kai 20,000 ba. Ba a tsince su daga faɗin Amurka ba. Kuma mafi yawan rassan Little League a Amurka suke. To in gurbi ya bi yawan masu yi, ina laifin?

Ɗan'auta: Yaya, ban ƙi a ba su goma ba. A ba su sha biyu ma. Amma a zuba kowa a ƙwarya ɗaya a jefa ƙuri'a, in Japan da Taiwan ne suka fi kowa, su buga wasan ƙarshe. Me ake tsoro?

Kawu: Abin da ake tsoro ai shi ne abin da ka faɗa yanzu.

Malam Na-Tarihi: Bari in shigo, don yaron nan bai yi ƙarya duka ba. Rabon gida biyun nan da dalilinsa, kuma dalilin ba mai daɗin ji ba ne ga masu kare tsarin. Baƙi sun fara cin kofi tun 1957, lokacin da yaran Monterrey na Meziko suka zo, wani ɗan ƙaramin yaro Ángel Macías ya yi jifa a wasan ƙarshe ba tare da ɗan wasan La Mesa ta Amurka ko ɗaya ya taka zangon farko, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa, ba. Suka maimaita a 1958. Wannan bai tayar da hankalin kowa ba, labari ne mai daɗi, har Fadar White House aka kai su. Inda ido ya raina fata shi ne da Taiwan ta shigo. Ta ci a 1969, sannan 1971, 1972, 1973, 1974 a jere. A 1973 yaran birnin Tainan na Taiwan sun buga wasa uku, suka tara maki 57, ba a ci su ko ɗaya ba, kai ba a ma samu wanda ya yi musu bugu mai kyau guda ba. Sai aka wayi gari an ce a 1975 ba a gayyatar kowa daga waje. Ƙungiyoyin Amurka huɗu suka yi abinsu, Lakewood ta New Jersey ta ɗauka. Da surutu ya yi yawa aka dawo da baƙi a 1976, amma da wannan katanga a tsakani. To ku lissafa da kanku.

Ɗan'auta: Allah ya ƙara ilimi, Malam! Yaya Baban Khalifa, bismillah.

Baban Khalifa: Na ji, kuma korar 1975 abin kunya ce, ba na kare ta. Amma Malam ka ƙarasa labarin mana. Bayan an gina katangar da kuke cewa don Amurka aka yi, wa ya ci? Taiwan ta jera biyar daga 1977 zuwa 1981. Sai 1982 yaran Kirkland na jihar Washington suka tare ta da ci 6 da nema, bayan ta yi wasa 31 a Williamsport ba a kayar da ita ba. Ta ƙare da kofi 17 zuwa 1996. Japan tana da 11. In maguɗi aka shirya, wallahi wanda ya shirya shi bai iya ba. Sannan abin da ya haɗa su da Taiwan ba nasara kaɗai ba ce. Ƙorafin shi ne ana ɗebo yaran daga yanki mai faɗi fiye da yadda doka ta yarda, ana horar da su shekara ɗungurungum a makaranta, su zo su haɗu da yaran da baban wani ke koya wa wasa bayan ya taso daga aiki. Da aka matsa a kan dokar iyaka, Taiwan da kanta ta fice a 1997, ba ta dawo ba sai 2003.

Malam Na-Tarihi: Haka aka yi. Sai dai ka sani kai ma kofi 17 ɗin nan ba hujja ba ce cewa tsarin daidai yake. Hujja ce cewa sun fi ƙarfin tsarin. Koriya ta Kudu ta ci a 1984, 1985 da 2014, amma har yau ita da Taiwan gurbi ɗaya suke kokawa a kai a yankin Asiya da Fasifik. Ɗaya dole ta zauna a gida duk shekara, komai iyawarta.

Kawu: Ni fa tambayata ɗaya ce, su waɗannan "yara" da nake gani a talabijin wani ya fi malamin horonsa tsawo, an tabbata yara ne?

Baban Khalifa: Yauwa Kawu, ka taɓo inda ke ciwo. A 1992 Zamboanga ta Filifin ta lallasa Long Beach ta Amurka 15 da 4, aka yi ta biki. Ba Ba'amurke ne ya tona asiri ba, ɗan jaridar ƙasarsu ne, Al Mendoza. Aka gano takwas daga cikin yaran ba ƴan yankin ba ne, ga zargin shekaru a kai. Aka karɓe kofi aka ba Long Beach. Dokokin nan da ake gani kamar takura, irin wannan ne ya haife su.

Ɗan'auta: Ato, wato baƙi ne masu maguɗi ke nan? Mai dokar barci fa ya ɓige da gyangyaɗi. Danny Almonte a wace tawaga yake a 2001? Ta Bronx, cikin birnin Niyok. Ya tsaya ƙafa 46 daga mai bugu yana harba ƙwallo, yaran Apopka 18 suka zo gabansa ba wanda ya kai zango, Amurka duka tana tafi. Ashe shekararsa 14, an haife shi a 1987 a Jamhuriyar Dominika, takardar da aka gabatar tana cewa 1989. Sannan Jackie Robinson West ta Shikago, zakarun Amurka a 2014, da aka gano manya sun ja iyakar taswira don su kwaso yara daga wasu unguwanni?

Baban Khalifa: Ka taimake ni ba ka sani ba. Me aka yi musu? An goge duk nasarorin Bronx, aka haramta wa mahaifin Almonte da shugaban reshen, Rolando Paulino, shiga harkar har abada. Jackie Robinson West kuwa, tawagar da duk ƙasar ke so, wadda ta je gaban Obama, a Fabrairun 2015 aka tuɓe mata rawani. Wanda ya yanka nasa, ba za ka ce yana son kai ba.

Hajiya Babba: Ku dakata min. Kuna ta ƙirga kofi, ni yaran nake kallo. Yaro ɗan shekara 12 bai san inda ake buga takardar haihuwa ba, bai taɓa zana taswira ba. Babba ne ya zauna ya ƙulla. Amma fuskar wa aka sa a jarida? Yau shekara ashirin da ɗoriya, ga mu nan a wata duniya muna kiran sunan Almonte, alhali ita kanta Little League ta ce yaron ba shi da laifi. Kuma ku kalli wasan da kyau. Yaro ya yi jifa an buga ta tsallake katanga, kafin ya juya kyamara tana kan fuskarsa, leɓe yana rawa, ya ja hular ya rufe ido, ana nuna wa miliyoyin mutane har da maimaici. Tashoshin talabijin na ESPN da ABC ba sadaka suke yi ba. Da ni za a tambaya, rashin adalcin da ya fi girma ba tsakanin Amurka da baƙi yake ba, tsakanin manya da yara yake.

Anti Nas: Hajiya, gaskiya ne, sai dai a ba su nasu. Tun 2007 suke ƙirga jifa. Ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, in ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake hawa. Gwiwar hannun yaro ba ta gama ƙwari ba, yawan jifa yana taɓa mahaɗar ƙashin da ke girma. Manyan gasanni nawa ne za su zaunar da gwaninsu ana tsaka da neman kofi? Kuma su ke biyan kuɗin jirgi da masauki da abincin duk tawagar da ta kai Williamsport.

Kawu: Ƴata, to su sa na'urar nan ta MRI mana irin ta FIFA, kowa ya huta da takardar ƙarya.

Anti Nas: Ba za ta yi ba, Kawu. Wadda FIFA ta fara amfani da ita a gasar ƴan ƙasa da 17 a 2009 tana duba ko ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa ne, abin da ke faruwa wajajen ƙarshen samartaka. Ɗan 12 da ɗan 14 duk nasu a buɗe yake. Ga shi a wannan shekarun wani ya fara gemu, sa'ansa ko murya ba ta fashe ba. Dole a koma ga takarda.

Ɗan'auta: To nan nake jira a zo. Takarda! Malam, don Allah ba su labarin Yuganda.

Malam Na-Tarihi: A 2011 wata tawaga daga Kampala ta je Kutno a Poland ta ci gasar yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Da sun zama ƴan Afirka na farko a Williamsport. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta hana su biza saboda bayanan shekarunsu sun saɓa da juna. Wa aka tura a madadinsu? Waɗanda suka kayar, tawagar Dhahran ta Saudiyya, wadda galibin yaranta ƴaƴan ma'aikatan Aramco ne daga waje. Sai 2012 yaran Lugazi suka samu shiga, har suka doke Gresham ta Oregon 3 da 2 a wasan share hawaye. A 2015 wata tawagar Kampala ta dawo ta kayar da Jamhuriyar Dominika 4 da 1 a wasan farko, ƙasar da besbol ya zame mata kamar addini. Filin gaba ɗaya su yake mara wa baya.

Abin da nake so a lura da shi: doka ɗaya ce ga kowa a rubuce. A kawo takardar haihuwa ta asali, a kawo shaidun cewa iyaye suna zaune cikin iyakar reshen, ko shaidar makarantar da ke ciki. A Ohio uwa za ta buɗe durowa ta ɗauko su cikin minti biyar. A inda aka haifi yaro a gida, aka yi masa rajista sai da zai shiga makaranta, kaka ta faɗi wata shekara, malami ya rubuta wata, wannan dokar da ba ta ambaci kowa ba ta riga ta zaɓi wanda za ta kama. Ba sai an yi niyyar zalunci ba.

Baban Khalifa: Malam, ranka ya daɗe, biza ba Little League ke bayarwa ba. Kuma in aka sassauta wa wani a kan takarda, gobe ɗan shekara 15 ne zai tsaya yana harbin yaron mutane daga ƙafa 46. Wa zai ɗauki alhakin? Mai son gasar ƙasa da ƙasa tsantsa, akwai ta: hukumar besbol ta duniya, WBSC, tana yin kofin duniya na ƴan ƙasa da 12 a Taiwan, an fara shi tun 2011, kowace ƙasa tawaga ɗaya. A can ma Amurka ta ci sau da dama, ba katanga ba komai.

Ɗan'auta: Wa ke kallon waccan, Yaya? Yaron tsibirin Curaçao na yankin Karebiyan Williamsport yake mafarki. Tsibirin da bai kai mutum 200,000 ba ya ci kofi a 2004, ya kai wasan ƙarshe a 2019, 2022 da 2023. Daga 2018 zuwa 2024 duk kofin da aka buga a Amurka ya zauna.

Baban Khalifa: A 2021 ai ba baƙi saboda korona. Kuma ka tsaya a 2024 da gangan, don ka san a 2025 yaran Taipei na Taiwan sun casa Nevada ta Amurka 7 da nema a wasan ƙarshe.

Hajiya Babba: Ni dai ban ga wanda ya amsa maganata ba.

Kawu: Hajiya, ba za su amsa ba, babu kofi a cikinta.

Ɗan'auta: Zan amsa gobe in sha Allah, Hajiya. Amma Yaya, bar batun cin kofi, na rage buƙata zuwa ɗaya. Tun 2013 aka haɗa Afirka da Turai a gurbi guda, sai yaran Kampala sun nemi bizar Poland sun ci, sannan su nemi ta Amurka. Ostareliya tana da gurbinta, Kanada da nata, Meziko da nata. Da aka ƙara gurbi huɗu a 2022, biyu Amurka ta ƙara wa kanta, biyu aka riƙa juya su tsakanin Kyuba, Panama da Puerto Rico. Ko wannan ma yawan rassa ne?

Baban Khalifa: Shi ne mana. Kawo min ƙasashen Afirka biyar da ke da reshe mai buga kaka cikakkiya, ni da kaina zan rubuta maka takardar koken.

Malam Na-Tarihi: A ba su gurbin tukuna, ka ga ko rassan ba za su fito ba. Ostareliya ma ba ta taɓa taka Williamsport ba sai da aka ware mata nata.