Hotunan biki sun cakuɗe min a kwamfuta, ina neman mafita

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kwamfuta. Ina ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyukan kewayen Ringim, yanzu kuma aiki ya cushe min.

Kyamarata tana sa wa hotuna suna irin IMG_0001, in ta kai 9999 sai ta koma farko. Da na juye katin memori uku cikin folda ɗaya a Windows 10, sunaye suka yi karo, ga hoton amaryar bara zaune kusa da na hawan sallar bana.

Na jera su da Date taken, wato ranar da aka ɗauki kowane hoto, na kyamara suka bi layi. Waɗanda aka turo min ta WhatsApp ne suka gagara: gurbin kwanan watansu wayam, sai ranar da ke jikin sunan, kamar IMG-20240615-WA0003.

Akwai manhajar kyauta, mai aiki ba intanet, da za ta karanta wannan ranar ta raba su wata-wata, ta ware waɗanda suka maimaitu ba tare da ta goge na asali ba? Sabis a nan sai a hankali, wuta kuwa sai janareta. Wata Hajiya na jiran hotunan auren 'yarta kafin ranar kasuwa. Don Allah a taimaka.