Ina kuke ranar da Alonso ya rasa gurbi a Indianapolis?

Mai buɗe zance:
Jama'a, sallama. Jiya muna hira da ƙanena ya ce tseren motoci na Indianapolis a Amurka ba komai ba ne, zagaye ne kawai kana karya kan mota hagu. Nan take na tuna 19 ga Mayu, 2019. Azumi ake yi, na dawo daga sallar asham na buɗe waya, sai ga Fernando Alonso, zakaran Formula 1 har sau biyu, tsaye yana jiran wani yaro Kyle Kaiser ya yanke masa hukunci. Gwajin neman gurbin shiga tseren ake yi, kuma motoci 33 kawai ake ɗauka. Kaiser ya yi gudun mil 227.372 a awa, Alonso yana da 227.353. Shi ke nan, an fitar da shi. Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Wa ya kalla?

Ɗalibi a Indiana:
Yaya, ni ina filin. Ruwan sama ya sa muka yi ta zaman jira a kan benci mai sanyi, ga ƙishin azumi, don a nan rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe tara. Abin da waya ba ta nunawa shi ne ƙarar. Motar kan zo ta wuce kafin ka gama juya wuya, sai ka ji ƙirjinka yana rawa. Filin mil 2.5 ne, kuma ba zagaye ɗaya ake aunawa ba, huɗu ne a jere, a haɗa a fitar da matsakaici. Wajen minti biyu da rabi ke nan direba yana gudun da ya haura kilomita 360 a awa, bango na gefen tayarsa. Zagayen farko taya na da sabunta, a na huɗu ta fara zamewa, iska ma in ta sauya sai lissafi ya rushe. Da lambar Kaiser ta fito a allo, wani dattijo Ba'amurke kusa da ni ya miƙe yana share hawaye. Motar yaron ba ta da wani babban mai ɗaukar nauyinta.

Makanike:
Ni abin da ya taɓa ni ke nan. Kaiser ya daki bango ranar Juma'a, ma'aikatan ƙungiyarsa ta Juncos suka kwana suna haɗa wata motar. Duk wanda ya taɓa kwana a gareji da sifana a hannu, mai mota na jira da safe, ya san wannan gajiyar. McLaren kuwa, ƙungiyar Alonso, ga kuɗi ga suna, amma shirinsu bai nuna ba. Alonso ma ya yi haɗari wajen gwaji, suka ɓata lokaci kafin motar ajiya ta fito. Direba komai gwanintarsa, abin da aka ɗaura masa shi zai tuƙa.

Maman yara:
Ni ta 2017 ce ba na mantawa. Shekarar da Alonso ya bar tseren Monako ya tafi Indianapolis, ya sami gurbi na biyar a layin tashi, har ya ja gaba zagaye 27. Ina soya ƙosan buɗa-baki, maigida na ƙwala mini kira duk lokacin da motar Alonso mai ruwan lemo ta wuce wani. Saura zagaye 21 inji ya yi hayaƙi. Maigida ya ajiye kofin kunu bai ce uffan ba. Takuma Sato ya ci, shi ma daga Formula 1 ya fito, amma ya shekara bakwai yana koyon wannan fili.

Dattijo:
'Ya'yana, ba yau aka fara ba. Na bi labarin Nigel Mansell a mujallu a 1993, ya ci kambun Formula 1 a 1992 ya tsallaka Amurka ya ɗauki nasu a shekarar farko, amma a Indianapolis na uku ya zo. Graham Hill kaɗai ya haɗa nasara a tseren Monako da na Indianapolis da na Le Mans, kuma sawunsa Alonso ke bi.

Ɗalibi a Indiana:
Gaskiya ne, Baba. A 2024 ma na koma don Kyle Larson na NASCAR, wata gasar tseren motoci ta Amurka, shi ma gurbi na biyar ya samu, ya ƙare na 18. Yaya, ka turo ƙanen naka ya kalli zagaye huɗun Scott McLaughlin na shekarar, mil 234.220, ya lura da tazarar tayar dama da bango a kwanar farko.