Kafin a kai yaro gidan gyaran hali: me ya kamata iyaye su duba?

Uwar yara, Zariya: Jama'a, yaro ɗan shekara 16 ya faɗa shaye-shaye, ya bar makaranta, dangi sun ce a kai shi inda za a tsare shi. Waɗanda suka san harkar nan, ta ina ake farawa?

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, a fara sanin me yake sha, don fitar kowanne daga jiki daban ne. Mai shan kodin ko tiramol, cikin kwana ɗaya da dainawa zai fara hamma, zufa, majina, gudawa da ciwon gaɓoɓi. Abin ya fi tsanani kwana na 2 zuwa na 3, ya lafa wajen mako guda. Wahala ce, amma tana wucewa. Roci da dayazefam, ƙwayoyin sa barci, su ne abin tsoro: in aka yanke su lokaci guda, yaro na iya jijjiga kamar mai farfaɗiya, har a rasa shi. Likita ne ke rage su kaɗan-kaɗan cikin makonni. Gidan da ba likita, ƙofa kawai za su kulle masa. A yi gwajin fitsari tukuna, don yaran nan ba abu ɗaya suke haɗawa ba.

Malamin makaranta, Kano: A tuna Rigasa ta Kaduna. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa, kuma yawancinsu iyaye ne suka kai su, suna biyan kuɗi. Wata na gaba aka bankaɗo irinsa a Daura. Ku je ba tare da sanarwa ba, ku ce a nuna muku ɗakin kwana da banɗaki, ba ofishin mai gida ba. Ku dubi idon sawun yaran da ke ciki, tabon mari ba ya ɓuya. In an haɗa yara da manya ɗaki ɗaya, ko aka ce ba ziyara sai bayan wata uku, ku juya.

Wani ɗan'uwa: Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa (Kaduna), Kware (Sakkwato) da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ba kowane yaro ne ma sai an kwantar ba, wani ganin likita duk mako ya ishe shi.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne, Malam. Sai ranar sallama, wadda iyaye ke ɗauka an gama. Bayan makonni ba sha, jiki ya daina jure adadin da ya saba, in ya koma ya sha kamar da, numfashi na iya tsayawa. Kafin ya fito a karɓi ranar komawa asibiti a rubuce, a kulle magungunan gida, a samar masa makaranta ko shagon koyon sana'a da zai shiga tun makon farko.