Wai ta yaya ƙwayar cuta take rayuwa a cikin tumbin mutum?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Innarmu ta fi shekara shida tana fama da olsa, duk azumi sai ta kwanta, kanwa kam ta sha ba adadi, omeprazole kuwa kamar goro muke siyo mata a kemis duk ranar kasuwa. Satin da ya wuce yayana ya kaita asibiti aka yi gwajin bahaya, likita yace ƙwayar cuta ce wai H. pylori, ya rubuta magani kala uku na sati biyu, sai da muka saida buhun gero kafin muka haɗa kuɗin. Abin da ya ɗaure min kai, ance ruwan tumbi asid ne mai narkar da nama, to wace halitta ce zata zauna a ciki bata mutu ba? Kuma in ƙwayar cuta ce me ya kawo omeprazole a ciki?

Malamin Bayoloji, Gumel:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Tambayoyin nan naka biyu akwai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kansu, sunansa George Sachs, an haife shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1935, yayi karatun likita a Edinbura, yayi aiki a Alabama sannan jami'ar Kalifoniya ta Los Anjales a Amurka, ya rasu a 2019. Da famfon asid ya fara. A bangon tumbi akwai wani ɗan famfo da ido baya gani, yana tura haidurojin cikin tumbi yana karɓar fotasiyam a madadinsa, wannan musayar ita ke haifar da asid, kuma bakin famfon nan omeprazole yake toshewa.

Daga baya ya koma kan ƙwayar kanta, kuma nan ne wallahi abin yake burge ni. Kasan takin yuriya? In ya sha danshi a buhu kaji wani wari yana hawa ka, amoniya kenan. To jikinmu ma yana da yuriya, har cikin tumbi tana shiga. Ƙwayar nan tana da sinadarin da ke fasa yuriya ya fitar da amoniya, amoniya kuma ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. A 2000 Sachs da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai 'yar ƙofa a fatar ƙwayar, suna ce mata UreI, asid ne da kansa yake buɗe ta, da yayi yawa sai ta buɗe yuriya ta kwarara ciki, da ya lafa sai ta rufe. In aka cire mata ƙofar nan bata iya zama a tumbi.

Maman Yara, Kazaure:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara. In omeprazole ya rage asid ƙwayar takan saki jiki ta fara hayayyafa, a lokacin ne amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yafi kama ta, shi yasa ake haɗa su. Omeprazole shi kaɗai sauƙi kawai yake kawowa, shekarun da kuka yi kenan. Likitocin duniya ma sun daɗe basu yarda ba, sai da Barry Marshall na Ostireliya ya kurɓi ƙwayar da bakinsa a 1984 tumbinsa ya kumbura, shi da abokin aikinsa Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005. Dan Allah ɗan'uwa ko taji garau a kwana huɗu kar ta ajiye, ta cika kwana 14 ɗin nan, a raba ta da diclofenac da ibuprofen, in kuma kuka ga bahaya baƙi ƙirin ko aman jini a koma asibiti a ranar.

Ɗan Ringim:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ashe diclofenac ɗin da take sha saboda ciwon gwiwa ma matsala ne, yanzun nan zan je in kwashe shi daga cikin kwallarta. Yau kwana shida, ƙanwata ce take ƙirga mata safe da yamma.