Neman shawara: ta yaya zan riƙa sanin manhajata ta yi nauyi kafin darakta ya kira ni?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Wani abu ne ya hana ni barci tun makon jiya, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Na haɗa wata manhajar intanet da makarantu huɗu masu zaman kansu ke aiki da ita a nan Damagaram. Malamai suna shigar da makin ɗalibai, ofis kuma yana fitar da takardar sakamako da rasit na kuɗin lakkol. Da Django (kayan rubuta manhajar intanet) na rubuta ta, rumbun bayananta PostgreSQL, a gaba akwai Nginx mai karɓar buƙatun masu shigowa da Gunicorn mai miƙa su ga Django. Tana zaune a gajimare, wato kan wata saba (kwamfutar da ke ɗauke da manhaja a intanet) da nake haya a Faransa mai firosesa 2 da ram jiga 4.

Duk tsawon zangon karatu lafiya lau. Ranar Laraba da dare, saura kwana biyu a raba sakamako, ina fada muna shan shayi sai ga kiran daraktan ɗaya daga cikin makarantun. Dattijo ne, sa'an mahaifina. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, ga malamai bakwai zaune a ofis tun bayan Magariba, abin naka sai juyawa yake yi." Na ajiye kofi na ruga gida, na buɗe kwamfuta, shafi ya buɗe mini nan take. Na rasa abin yi, sai na kashe sabar na sake kunnawa. Washegari aka koma gidan jiya. Wata malama ta turo mini hoton salularta, farin allo da lamba 502 a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne ban san inda ciwon yake ba. Rezo ne? Saba ce? Rubutuna ne? Wani abokina ya ce in ƙara kuɗi in hau babbar saba, amma abin da makarantun ke biyana bai kai in yi ta saye a makance ba. Ina jin ana maganar kayan sa ido kan manhaja, irin su Grafana da New Relic da Sentry. Da wanne zan fara, kuma me zan auna? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu, Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko, kada ka ƙara ko dala a kuɗin saba sai ka ga inda lokaci ke tafiya.

Mu mutanen Damagaram mun san wahalar ruwa, to bari in kwatanta maka da ɗan garuwa. Ka aike shi ya daɗe bai dawo ba. Ko hanya ce ta yi masa nisa, ko layi ya tarar a bakin famfo, ko famfon ne ke tsiyaya kaɗan-kaɗan. Hanya ita ce rezo tsakanin salular malama da Faransa. Layi shi ne buƙatun da ke jiran ma'aikatan Gunicorn, wato sassansa da ke ɗaukar buƙatu ɗaya bayan ɗaya. Famfo kuwa rumbun bayananka ne da abin da ka rubuta. Kai da ke jira a gida jinkiri ɗaya kake gani, alhali maganin ukun ba ɗaya ba ne.

Yau da dare za ka iya fara rarrabe su ba tare da ka girka komai ba. Shiga tsarin log na Nginx, wato rajistar da yake rubuta kowace buƙata, ka ƙara abu biyu, $request_time da $upstream_response_time. Na farko yana ƙirga lokacin buƙata gaba ɗaya, har da isar da amsa ga mai salula. Na biyu yana ƙirga abin da Gunicorn da Django suka ci su kaɗai. Idan na biyun ƙarami ne amma na farkon ya yi tsawo, hanya ce. Idan duka biyun sun yi tsawo tare, laifin yana cikin gidanka.

Sannan ka lura da lambobin kuskure, don kowace da labarinta. 502 da malamar ta turo maka galibi tana nufin Nginx ya ƙwanƙwasa ƙofar Gunicorn bai samu amsar kirki ba. Ka sani Gunicorn, in ba ka canza ba, yana kashe duk ma'aikacin da ya wuce daƙiƙa 30 a kan aiki ɗaya, kuma hakan na haifar da 502. 504 kuwa Nginx ne ya gaji da jira, iyakarsa ta asali daƙiƙa 60. Akwai kuma 499, wadda a log na Nginx kawai za ka gan ta, ma'anarta mai salula ya tafi kafin amsa ta iso, ko ya rufe shafi ko rezo ya yanke masa. A garinmu ita za ka fi cin karo da ita.

A PostgreSQL kuma ka sa log_min_duration_statement a 500, duk tambayar da ta wuce rabin daƙiƙa za ta rubuta kanta. In ka samu sarari ka kunna pg_stat_statements, mai tara lissafin lokacin da kowace irin tambaya ke ci, amma shi sai an sake tayar da rumbun, don haka ka bari sai bayan sallar Asuba kafin a buɗe ofis.

Wani ɗan abu da ya taɓa ɓata mini dare guda: yawancin saba agogon duniya na UTC suke bi, mu kuma Nijar muna gaba da awa ɗaya. Darakta ya ce maka ƙarfe 8:30 na dare, kai ka nemi 19:30 a log.

Ƴar Jami'ar André Salifou:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Duk abin da Yaya ya faɗa haka yake. Ni abu ɗaya nake so in ja hankalinka a kai, don shi ne ya fi yaudarar mutane in sun girka allon lura: matsakaicin lokaci.

A ce buƙatu 100 suka shigo. Guda 94 sun gama cikin milisakan 200, guda 6 kuma kowace ta ci daƙiƙa 20. Ka haɗa ka raba, matsakaicin bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, allo ya nuna maka kamar komai daidai. Amma shidan nan su ne malaman da ke zaune a ofis suna kallon abu yana juyawa. Shi ya sa ake duba abin da ake kira p95, wato lokacin da kashi 95 cikin 100 na buƙatu ba su wuce shi ba. A misalin nan p95 zai nuna maka daƙiƙa 20 ƙarara. Kuma kada ka duba na manhajar a dunƙule, ka raba shafi-shafi: na shiga daban, na shigar da maki daban, na fitar da takardar sakamako daban.

Injiniyoyin Google sun taƙaita abin aunawa zuwa huɗu: tsawon jira, yawan masu shigowa, yawan kuskure, da yadda injin ya cika. In ka riƙe waɗannan sun ishe ka shekara guda.

A kan kayan aiki, ni zan ce ka sa OpenTelemetry a cikin Django. An kafa shi a 2019 da aka haɗe OpenTracing da OpenCensus, kuma kyauta ne. Amfaninsa shi ne yana bin sawun kowace buƙata tun daga shigowarta har fitarta, ya nuna maka tambayoyi nawa ta yi wa rumbu da abin da kowace ta ci. Bayanan kuma kai za ka zaɓi inda za ka tura su, yau Grafana, gobe New Relic, ba sai ka sake rubuta manhaja ba. Ina da yaƙinin ranar da ka ga sawun shafin takardar sakamako za ka tarar da tambaya ɗaya tana maimaita kanta ga kowane ɗalibi.

Mai Linux, Zango:

Ni dai ra'ayina ka riƙe abinka a hannunka. Prometheus mai tara alƙaluma da Grafana mai nuna su a allo, ka haɗa da node_exporter don ka ga firosesa da ram da faifai. Prometheus tun 2012 aka fara shi a SoundCloud, ya tsufa a aiki, kuma yana ajiye bayanan kwana 15 ko ba ka taɓa komai ba. Ba ka buƙatar katin banki, ba wanda zai wayi gari ya ce maka kyauta ta ƙare. Ka dai rufe ƙofofin da Prometheus da node_exporter ke amfani da su, 9090 da 9100, daga waje, kada duniya ta riƙa leƙa maka.

Tsohon Hannu, Birni:

Malam na Zango, ban ƙi maganarka ba, ni ma da su nake aiki. Amma yaron nan shi kaɗai ne, kuma saba ɗaya gare shi. In ya ɗora Prometheus da Grafana a kan sabar da ke ɗauke da manhajar, ranar da ta faɗi mai gadi da gidan za su tafi tare, ba mai sanar da shi. In kuma ya ce zai ajiye su kan kwamfuta a ɗakinsa, ka san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi mana in zafi ya kama a Afrilu da Mayu. Gara ya fara da na kyauta da ke waje. New Relic na ba da jiga 100 na bayanai kowane wata ba kuɗi, Grafana Cloud ma na da matakin kyauta mai ajiye kwana 14. Makarantu huɗu ba za su kusanci wannan iyaka ba. In aiki ya bunƙasa ya dawo kan shawararka.

Mai Linux, Zango:

Na yarda da zancen mai gadi. To aƙalla ya hayi ƴar ƙaramar saba ta biyu a wani kamfani daban ya sa Uptime Kuma, ta riƙa ƙwanƙwasa shafinsa kowane minti ɗaya, in shiru ta turo masa saƙo ta Telegram. Tana kuma lura da takardar tsaron shafi. Ta Let's Encrypt, masu ba da irin wannan takarda, kwana 90 take yi, na ga wanda sabuntawarsa ta tsaya bai sani ba sai da iyaye suka fara ganin jan gargaɗi.

Hajiya Mai Koyar da Kwamfuta, Sabon Gari:

Ɗana, ni ba zan shiga zancen injin ba, akwai waɗanda suka fi ni. Amma ni uwa ce, kuma ƴaƴana suna irin makarantun nan. Abin da ke cikin rumbunka sunayen ƴaƴan mutane ne da makinsu da lambobin iyayensu, har da wanda bai gama biyan kuɗin lakkol ba. Kayan sa idon nan in sun kama kuskure sukan kwashi abin da ke cikin buƙatar su tafi da shi ƙasar waje. In za ka yi aiki da Sentry, ka bar send_default_pii, wato saitin tura bayanan mutane, a kashe kamar yadda yake zuwa, kuma ka buɗe rahoton kuskure guda biyu ko uku da idonka ka tabbata ba sunan yaro ko kalmar sirri a ciki. Shi ma log ɗin PostgreSQL da aka ce ka kunna yana rubuta abin da ke cikin tambaya, kada ka tura shi waje haka nan. Muna da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, kuma ko babu hukuma amana ce aka ba ka.

Sai kuma ƙararrawa. Kada ka sa ta yi ta kuka kan kowane ƙaramin abu, don bayan mako guda za ka daina dubawa. Ka bar ta ga abin da zai sa ka tashi daga tabarma: shafi ya mutu, kuskure ya yawaita, faifai ya kusa cika.

Ƴar Jami'ar André Salifou:

Akwai kuma ɓangaren salula. Duk abin da muka lissafa daga cikin saba yake kallo. Ka saka ƴar manhajar web-vitals ta Google a shafukanka, za ta aiko maka abin da malamin ya gani a hannunsa. Ma'aunin da suka ɗauka mai kyau shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kai da ke gwadawa a kwamfuta ba za ka taɓa jin abin da mai tsohuwar salula a bayan gari ke ji ba.

Ɗan Garin Malam:

Ƴan'uwa na dawo da labari bayan kwana biyar, kuma wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba.

Na fara da log na Nginx kamar yadda Yaya na Birni ya ce. Da na koma daren Larabar nan, na cire awa ɗaya, sai ga 502 jere a kan shafin fitar da takardun aji. Na duba yadda na tayar da Gunicorn, ashe ban taɓa faɗa masa adadin ma'aikata ba, shi kuma in ba a faɗa ba guda ɗaya yake sawa. Mutum ɗaya ya danna fitar da takardu, sauran malamai shida sun shiga layi. Na mai da su 5, bisa lissafin ninka firosesa biyu a ƙara ɗaya.

Na sa OpenTelemetry ina turawa Grafana Cloud. Anti ta Jami'a, abin da kika faɗa shi na tarar. Aji mai ɗalibai 45 da darussa 12, shafin yana zuwa rumbu sau ɗaya don kowane maki, tambaya fiye da 540 a danna ɗaya. Na daɗe ina kallon jerin layukan nan a allo kafin na yarda ni na rubuta haka. Na gyara da select_related da prefetch_related, hanyoyin Django na ɗebo bayanai a haɗe, tambayoyin suka dawo ƙasa da 10, shafin da ke cinye daƙiƙa 30 yanzu bai kai 3 ba.

Makaranta ɗaya kuwa matsalarta daban ce, 499 ce ta cika log ɗinta. Hotunan ɗalibai nake aikawa da girmansu na asali, rezon unguwarsu kuma ba ƙarfi. Na rage su, ina jiran alƙaluman web-vitals in ga ko ya isa.

Hajiya, na buɗe rahotanni na duba ɗaya bayan ɗaya. Na samu lambar wayar wani uba a cikin adireshin wani shafi, na cire ta daga nan, na goge abin da ya riga ya tafi. Ƙararrawa uku kawai na bari, kamar yadda kika ce.

Jiya na je na gaida darakta na yi masa bayani. Ya ce raba sakamako na gaba zai gaya mini ranar da wuri don in zauna kusa da allo.

Tsohon Hannu, Birni:

Madalla ƙanena, Allah ya ƙara basira. Kafin ranar, ka fitar da aikin haɗa takardun nan daga cikin Gunicorn ka ba Celery, manhajar gudanar da ayyuka masu nauyi, ya riƙa yi a gefe, malami ya danna ya ci gaba da aikinsa. In ka zo wurin ka turo tsarin naka nan mu duba tare.