Bakteriyar BL21(DE3) na yin furotin tun kafin a zuba IPTG, me ke jawo haka?

Ɗalibar Jos:
Assalamu alaikum malamai. Filasmid ɗin pET ne (ɗan zoben DNA mai ɗauke da umarnin yin furotin ɗin) a cikin BL21(DE3), wani nau'in bakteriyar E. coli, a ruwan raino na LB da maganin ampisilin. Ban zuba IPTG (sinadarin da ke kunna yin furotin ɗin) ba, amma furotin ɗin ya riga ya fito a jel ɗin tantance furotin, bakteriyar kuma ba ta girma da sauri. Ai LacI, furotin da ke hana kwafar DNA ɗin, ya kamata ya tare hanya, ko kuwa?

Malamin Vom:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. LacI yana tarewa, amma ba ya zama daram a kan ofareta, wato wurin da yake kamawa a DNA. Yana kamawa yana saki, kuma a ɗan tsakanin nan RNA folimaras, inzayim mai kwafar DNA, kan kwafi saƙo. A lac ofaron na asali, wato sashen DNA da ke sa E. coli ta iya sarrafa sukarin laktos, wannan yoyon yana da amfani: da shi ake samun ɗan LacY da zai shigo da laktos, da ɗan LacZ da zai mayar da shi alolaktos, wanda shi ne ke sa LacI ya saki DNA. Ba don yoyon ba, ofaron ɗin ba zai taɓa buɗewa ba.

Matsalarki ita ce a DE3, guntun DNA da aka ƙara wa wannan bakteriyar, abin da ke yoyon shi ne T7 folimaras, mai kwafar umarnin da ke cikin pET, ƙarƙashin makunnin lacUV5 da LacI ke tsarewa. Ko kaɗan ya fito, yana kwafi da sauri fiye da na E. coli har kusan ninki biyar. Idan furotin ɗinki na cutar da bakteriyar, waɗanda suka yar da filasmid su ne za su mamaye tulun.

Ki zuba gulukos kashi 1 cikin 100 a ruwan da kike fara rainon. Gulukos na rage cAMP, sinadarin da ke taimakawa wajen kunna lac, yana kuma hana LacY shigo da ɗan laktos ɗin da kan ɓuya a LB. Idan bai isa ba, ki koma BL21(DE3)pLysS. T7 lisozayim ɗin da ke cikinta yana danne T7 folimaras, sai dai tana buƙatar maganin kulorampenikol.

Mai jel:
Gaskiya ne Malam. Ƙari kan ampisilin: bakteriyar na fitar da inzayim ɗin beta-laktamas cikin ruwan, ya cinye maganin cikin 'yan sa'o'i. Kada ki bar rainon farko ya kwana ya cika. Ki juya shi a na'urar sentirifuj, ki zubar da ruwan sama, ki wanke ƙwayoyin kafin ki sa su a sabon ruwa. Maganin karbenisilin ya fi ampisilin daɗewa.

Ɗalibar Jos:
Na gode ƙwarai. IPTG nawa zan zuba, kuma yaushe?

Malamin Vom:
Idan OD600 (ma'aunin yawan bakteriya a ruwan) ta kai 0.5 zuwa 0.6. Ki fara da milimola 0.1, ba 1 ba. Yawansa kan sa furotin ya dunƙule ya ƙi narkewa. Ki sauke zafi zuwa digiri 18, ta kwana tana girgiza. Kada ki dogara da sanyin hunturun Jos, don zafin ɗaki yana hawa da sauka. Ki saita inkubeta. Ki ɗebi mililita 1 kafin IPTG ki ajiye, shi za ki jera da na bayansa a jel.